Gwanin Likitan Yara: Ya San Lokacin Fara Magani, Ya San Lokacin Tsayar Da Shi

A ɗakin kwantar da yara na kowane babban asibiti, da wuya ka wuce gadaje kaɗan ba ka tarar da yaron da ake yi wa allurar antibayotik ba, wato maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Rubuta shi a kati ba ya cin minti ɗaya: sunan magani, yawansa, sau nawa a rana, sai sa hannu. Wannan sauƙin ne ya ɓoye wa mutane irin gwanintar da ke ciki. Mun saba yaba wa likitan tiyata, domin aikinsa a fili yake, kowa na ganin ɗinki. Likitan yaran da ya iya rubuta wannan layi guda yadda ya dace shi ma ya cancanci yabo irin wannan, domin yara biyu yake jinya a lokaci ɗaya: wanda ke kwance a gabansa, da wanda za a kawo kan gadon nan baɗi, wanda ke buƙatar ya tarar da maganin da sauran ƙarfinsa.

Ga dalilin da ya sa dole a yi tunanin yaron baɗi. A jikin kowane ɗan Adam, musamman a hanji, akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, akasarinsu ba sa cutarwa, wasu ma amfani suke yi. Idan antibayotik ya shiga jiki, ba ya tsayawa a kan wadda aka aike shi gare ta, duk wadda ya fi ƙarfi sai ya kashe. Masu tsira su ne waɗanda ke da dabarar kare kai: wasu suna fitar da sinadarin da ke lalata maganin, wasu suna tunkuɗo shi waje kafin ya yi aiki. Manomi ya san irin wannan: idan aka dage da feshin magani iri ɗaya a gona shekara da shekaru, ciyawa mai taurin kai ce ke saura, ta samu fili ta mamaye. Bakteriya kuwa saurinta ya wuce misali, domin wata takan rabu biyu cikin minti 20, kuma suna miƙa wa junansu dabarar, har tsakanin waɗanda jinsinsu ba ɗaya ba. Ana yawan cewa jikin yaro ne ya saba da magani. Ba haka ba ne, ƙwayar cutar ce ta daina jin sa, kuma tana iya bin hannu ko zanen gado ta koma jikin yaron da bai taɓa shan maganin ba.

Tun farkon zuwan maganin aka hango wannan haɗari. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, fiye da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar. Kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da abin ya yi wa illa kamar Afirka ta Yamma.

Mu ma a ƙasar Hausa an auna an gani. A wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maraɗi, binciken da aka buga a 2011 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun zo da bakteriyar da ke lalata manyan magunguna irin su seftirayazon a hanjinsu, kuma cikin waɗanda suka zo babu ita, kusan duk wanda aka sake gwadawa ranar sallama ya kwasa. Wani binciken mai suna BARNARDS, wanda ya bi jarirai sama da 36,000 a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, har da asibitoci a Kano da Abuja, ya nuna cewa yawancin bakteriya irin su Kilebsiyela da aka samu a jinin jarirai ba sa jin amfisilin, kaso mai yawa kuma ba sa jin jentamaisin. Su biyun nan kuwa su ne magungunan farko da ake ba jaririn da cuta ta shiga jininsa.

Tambayar farko

Gwani ba ya farawa da tunanin wane magani zai rubuta. Yana farawa da tambayar ko ciwon nan na bakteriya ne ma. Zazzaɓi alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kanta. Mura, da yawancin tari, da yawancin gudawar yara, bairos ne ke kawo su, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro ƙwayarsa daban, maganinsa daban, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganinsa; ɗigon jini daga ɗan yatsa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20.

A dubi yadda ƙwararriyar likita take duba yaro mai tari da zazzaɓi. Ba ta karɓarsa daga hannun uwarsa, domin da ya fara kuka numfashinsa zai ƙaru, lissafi ya ɓaci. Takan ce, "Maman yaro, bar shi a cinyarki, ɗaga masa riga kawai." Sai ta zuba wa ƙirjinsa ido, agogo na hannunta, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ba ta ƙirga na rabin minti ta ninka, saboda ƙaramin yaro yakan yi numfashi da sauri, ya ɗan lafa, ya sake ɗauka. Ta san iyaka a ka: jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 a minti ko fiye sauri ne, daga wata biyu zuwa wata 11, 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sannan ta dubi ƙasan haƙarƙarinsa, ko yana lotsawa ciki idan ya ja iska. Ta saurara ko yana nishi. Ta maƙala masa 'yar na'ura a yatsa ta ga yawan iskar oksijin da ke jininsa, domin idan ya gaza 90 cikin ɗari, iskar ce abin gaggawa. Ta tambayi uwar: yana kama nono? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga?

Cikin minti biyar hanya ta rabu uku. Idan numfashi daidai yake kuma babu alamar haɗari, mura ce: a ci gaba da nono da ruwa, a sauke zazzaɓi, a dawo idan ya sauya, babu antibayotik. Idan numfashi ya yi sauri ko haƙarƙari na lotsawa amma yaron yana sha, limoniya ce da amoksisilin na baki zai iya da ita. Idan kuwa akwai alamar haɗari, gado ne da allura. Ba ta yi amfani da wata na'ura mai tsada ba. Ido ne da agogo da sanin ƙa'ida, kuma da su ta raba yaron da maganin zai ceta da wanda maganin ba zai ƙara masa komai ba sai gudawa da ƙuraje.

Haka take yi da gudawa. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Sai idan akwai jini a kashi, ko ana zargin kwalara mai tsanani, take waiwayar antibayotik. Flagyl da Septrin da ake saya a kemis da zarar cikin yaro ya ɓaci, a mafi yawan lokuta ba su ne suka tsayar da gudawar ba, lokacinta ne ya yi. Haka kuma ba ta yarda takardar gwajin Widal ita kaɗai ta sa ta ce yaro na da taifot, domin a ƙasashen da cutar ta yawaita wannan gwajin yakan nuna alama har a jinin mai lafiya.

Inda sauri ya zama dole

Kada a ɗauka rowar magani ce ake yabo. Likitar nan da ta mayar da yaro mai mura gida hannu rabbana, ita ce kuma za ka ga ta miƙe da gudu idan aka shigo da jariri ɗan kwana biyar da ya daina kama nono, jikinsa ya saki, ya yi sanyi ƙalau. Haka idan yaro ne da wuyansa ya sanƙare ko maɗigarsa ta kumbura, ko mai tamowa da ya galabaita, wanda jikinsa ya yi rauni har ba ya iya nuna zazzaɓi ko da cuta ta cika masa jini. Irin waɗannan ba a jiran sakamakon gwaji. Yaron da cutar jini ta kai shi ga galabaita ana so allurar farko ta shiga cikin awa ɗaya.

Duk da wannan gaggawar, akwai abu ɗaya da gwani ba ya tsallakewa idan da hali: kafin allura ta shiga, sai ya ɗebi jini ya zuba a kwalbar da ake rainon ƙwayar cuta a cikinta. Aikin ɗan ƙarami ne amma yana son natsuwa. A goge fata sosai, a bari ta bushe, kada yatsa ya sake taɓa wurin, a ɗebi jinin da ya isa. Idan aka yi sakaci, bakteriyar da ke zaune a fatar kowa za ta faɗa kwalbar, ɗakin gwaji ya kawo sunan ƙwayar da ba ita ce mai laifi ba, yaro ya sha allurar mako guda a banza. Idan kuma aka fara allura kafin a ɗebi jinin, ƙwayar tana iya ƙin tsirowa, a yi ta jinya a cikin duhu. Mintuna kaɗan ɗin nan su ne za su ba likita hujjar yanke hukunci bayan kwana biyu. Amma idan ɗibar jinin za ta jawo jinkiri, ran yaro ne gaba, a fara magani.

Wane magani

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan antibayotik gida uku. Rukunin farko su ne na yau da kullum, waɗanda ke maganin yawancin cututtukan da aka saba gani kuma ba su cika haifar da bijirewa da sauri ba: amoksisilin, amfisilin, fenisilin, jentamaisin. Rukuni na biyu su ne waɗanda ake sa wa ido, masu faɗin aiki, irin su seftirayazon da sifrofuloksasin da azitromaisin da merofenem. Na uku su ne na ajiya, irin su kolistin, waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gaza. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba 2024, ƙasashe sun amince cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik ɗin da mutane ke amfani da shi ya kasance daga rukunin farko.

Jarrabawar likitan yara a kullum ita ce seftirayazon. Yana da daɗin rubutawa: sau ɗaya a rana ya isa, yana kama ƙwayoyi iri-iri, ba ya wahalar da nas, kuma likita yakan kwana da kwanciyar hankali. Amma faɗin aikin nasa shi ne illarsa, domin yana share bakteriyar hanji ya bar fili ga masu taurin kai. Shi ya sa ga limoniya mai tsanani ƙa'ida ta ce a fara da amfisilin ko fenisilin tare da jentamaisin, a ajiye seftirayazon sai sun gaza. Gwani ya kuma san cewa seftirayazon yana da haɗari ga jariri mai shawara, kuma ba a haɗa shi da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam a jikin jariri.

Sanin ƙa'ida bai isa ba sai an haɗa da sanin gida. Yaron da aka kawo daga ƙauye da ciwonsa daban yake da jaririn da ya yi mako guda a ɗakin bakwaini sannan jikinsa ya rikice. Na biyun a asibiti ya ɗauki ƙwayar, kuma ƙwayar asibiti ta ga magunguna iri-iri ta goge. Asibitin da ya san abin da yake yi yakan tattara sakamakon ɗakin gwajinsa na shekara, ya fitar da jadawalin da ke nuna wace ƙwaya ce ta fi yawa a ɗakunansa, da maganin da take ji da wanda ta daina ji. Da wannan jadawalin a hannu, likita zai hau zuwa babban magani ba tare da ɗar-ɗar ba idan hujja ta nuna, ya kuma tsaya a ƙarami idan ƙaramin zai wadatar.

Sikeli kafin alƙalami

Ba a rubuta wa yaro magani da kintace. Nauyinsa ake bi, shi ya sa ɗakin yara ba ya rabuwa da sikeli. A ɗauki yaro mai kilo 8 da limoniya mai tsanani. Amfisilin miligiram 50 ne a kan kowane kilo, wato 400, kowace awa shida. Jentamaisin miligiram 7.5 ne a kan kowane kilo, wato 60, sau ɗaya a rana. Idan kwalbar mai miligiram 80 ce a cikin mililita 2, nas za ta zuƙi mililita 1.5, ba ƙari ba ragi. Da jariri ne a makonsa na farko, da lissafin ya sauya zuwa miligiram 5 a kilo, idan kuma an haife shi da ƙarancin nauyi ya koma 3, saboda ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da maganin da sauri ba. Idan aka rage, ƙwayar ba za ta mutu ba, sai ma ta goge. Idan aka zarce, jentamaisin yana taɓa ƙoda, yana kuma iya kurumtar da yaro har abada. Shi ya sa za ka ji likita kowace safiya yana tambayar uwa ko yaron yana fitsari sosai. Wannan lissafi na ma'aikatan asibiti ne, ba abin gwadawa a gida ba ne.

Lokaci ma magani ne. "Kowace awa shida" yana nufin har da allurar tsakar dare, lokacin da nas ɗaya ke riƙe da ɗaki cike da yara. Nas ɗin da ta bi gado gado a wannan lokaci, ta yi allura, ta rubuta lokacin da ta yi, tana cikin masu tsare maganin nan. Akwai kuma tambayar da gwani ba ya jin nauyin yi wa uban yaro: "Malam, za ka iya sayen wannan har kwana biyar?" Babban magani mai tsada da za a saya na kwana biyu kuɗi su ƙare ya fi ƙaramin magani da za a kammala illa, ga yaron da ma sauran yaran ɗakin.

Rana ta uku

Idan aka ce a nuna wuri ɗaya da ake gane gwani, to rana ta biyu zuwa ta uku ce. Fara antibayotik kowa ya iya, tsoro ma ya isa ya sa a fara. Komawa kan katin bayan awa 48 zuwa 72 a sake duba hukuncin da aka yanke, wannan sai mai ilimi da ƙarfin zuciya. A lokacin an samu sakamakon jini, domin yawancin ƙwayoyin da ke da haɗari suna tsirowa a kwalba cikin kwana biyu, an kuma ga yadda jikin yaron ya karɓi magani.

Abu huɗu ne ke gaban likita. Idan jini bai nuna komai ba, yaro ya warware, kuma an gano wani dalilin ciwon, sai a tsayar da maganin. Idan an gano ƙwayar kuma ƙaramin magani yana kashe ta, sai a sauko daga babba zuwa ƙarami. Idan zazzaɓi ya sauka, numfashi ya daidaita, yaro yana ci yana sha, sai a cire allurar jijiya a koma na baki. Hannu ya huta, ƙofar da wata ƙwayar za ta bi ta shiga jini ta rufe, uwa ta koma gida wurin sauran 'ya'yanta, kuɗin gado ya tsaya. Idan kuwa yaro bai samu sauƙi ba, gwani ba ya gaggawar ɗora magani a kan magani. Yakan koma ya sake dubawa: ko mugunya ce ta taru a ƙirji ko a ƙarƙashin fata da sai an zuƙe ta, ko tarin fuka ne, ko an tsallake wasu allurai, ko tun farko ba ciwon da aka zata ba ne.

A ɗakin jarirai wannan ya fi ko'ina muhimmanci. Jaririn da faya ta fashe wa uwarsa fiye da awa 18 kafin haihuwa, ko uwar ta yi zazzaɓi a naƙuda, ana fara masa amfisilin da jentamaisin don kariya. Ƙa'ida ta ce bayan kwana biyu a sake duba shi, kada a ci gaba sai idan ya nuna alamar ciwo ko jininsa ya nuna ƙwaya. Likitan da ya tsaya a kan jaririn da ke tsotson nono da ƙarfi, ya duba takardar gwaji, ya ja layi a kan maganin ya sa hannu, ya ɗauki nauyin da ya fi na wanda ya ce a ci gaba har mako don kowa ya huta da zargi. Domin kada wannan rana ta wuce ba a lura ba, ƙwararru kan rubuta abu biyu tun daren farko: dalilin fara maganin, da ranar da za a sake duba shi.

Kwana nawa

An daɗe ana ɗauka cewa tsawaita magani shi ne tsira. Bincike ya nuna ba kullum ba. A Lilongwe ta ƙasar Malawi an gwada yara 3,000 masu limoniyar da haƙarƙari ke lotsawa, waɗanda ba su da cutar ƙanjamau. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna amoksisilin na kwana uku bai gaza na kwana biyar ba. A Birtaniya da Ireland, wani gwajin da aka buga a 2021 kan yara masu limoniya sama da 800 da aka sallama daga asibiti ya nuna kwana uku bai gaza kwana bakwai ba. Kowace ranar da aka rage ba tare da cutar da yaro ba riba ce. Sai dai gwani ya san inda ba a ragi: sanƙarau a jikin jariri yakan ɗauki mako uku, ciwon ƙashi makonni, tarin fuka watanni. Likita ne ke yanke yawan kwanakin, iyaye kuma su cika su yadda aka faɗa.

Aikin taro ne

Sashe mafi wuya wani lokaci shi ne magana da iyaye. Uba ya biya kuɗin mota, ya yi layi tun asuba, sai a ce masa babu allura. "Haba likita, ko guda ɗaya a yi masa mana, jikinsa fa zafi rau." Likitan da bai iya ba zai rubuta don a rabu lafiya, ko ya ɗaure fuska har mutumin ya fita ya nufi kemis. Gwani yakan zaunar da shi. "Alhaji, na duba ƙirjinsa, na ƙirga numfashinsa, mun gwada jininsa. Mura ce, kuma allura ba ta kashe ƙwayar mura. Idan ka ga numfashinsa ya yi sauri, ko ya ƙi shan nono, ko zazzaɓin ya ƙi sauka, ko da dare ne ku dawo, za a duba shi. Allah ya ba shi lafiya." Uban da aka nuna masa abin da aka duba, aka kuma faɗa masa abin da zai sa wa ido, yakan tafi da natsuwa.

Tsakanin ma'aikata ma magana ce ke aiki. A asibitin yara na jihar Kolorado a Amurka, tun 2013 likita da mai haɗa magunguna suke bin katin duk yaron da ke kan irin waɗannan magunguna, sannan su taka da ƙafarsu su je wurin likitocin kowane ɗaki su tattauna ido da ido, ba tare da sun hana kowa rubutawa ba. Amfani da magungunan ya ragu sosai, ba a kuma ga ƙaruwar mace-mace ba. Babu na'ura a cikin wannan tsari, mutum biyu ne masu ilimi da ladabin ba abokin aiki shawara, don haka ba abin da zai hana asibitin Katsina ko Damagaram ko Tamale ya yi irinsa. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017 ƙarƙashin jagorancin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta kuma sabunta shi a 2024, amma shiri na takarda ba ya aiki sai an samu masu bin gado gado.

Cikin masu wannan aiki har da ma'aikacin ɗakin gwaji da ke bugo waya da zarar kwalba ta nuna alama, da mai shara da ke goge gadon jariri, da duk wanda ya wanke hannu tsakanin yaro da yaro, da mai allurar rigakafin limoniya da ta gudawar rota, domin yaron da bai kamu ba ba ya buƙatar antibayotik. Rigakafi ya fi magani.

Ga shugabannin asibitoci: a tanadi sikeli mai kyau, da ruwa da sabulu, da kwalaben gwajin jini da talaka zai iya biya, a kuma ware wa wasu ma'aikata lokacin bin katin yara. Ga matasan likitoci da nas-nas: ku koyi wannan sana'a daga waɗanda suka iya ta, ku riƙa rubuta dalili da ranar sake dubawa. Ga iyaye kuma: kada ku auna likita da tsawon takardarsa ko yawan allurarsa. Ku tambaye shi sunan ciwon, da sunan maganin, da kwana nawa za a sha. Kada ku ajiye ragowar magani don ƙanen yaron, kada ku sayi kafso a kan tebur saboda mura. Idan likita ya duba ɗanku da kyau ya ce ba ya buƙatar antibayotik, ko ya ce yau za a tsayar, ku gode masa ku bi shawararsa, domin ya kula da ɗanku, ya kuma kula da 'ya'yan maƙwabtanku.